Bugaggen Kwano a Yatsan Mara Lafiya

Makon nan ni layi ya faɗo wa, kuma tun kafin in fara ina neman afuwar masu kemis da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, don maganar tawa ba mai daɗin ji ba ce. Wanda ya jawo ta ya san kansa. Shi ne ɗan uwan da ya ɗora hoton yatsansa ranar Talata, maƙale da 'yar na'urar nan ta auna iskar jini tana nuna 98, ya rubuta a ƙasa wai ita na'ura ba ta ƙarya, ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba. Mutane da dama suka yi ta yaba masa. Ni kuwa na kama bakina, saboda amsar ta fi ƙarfin layi biyu. Ga ta yau.

Ku je kasuwar Dandume ko Bakori ko Sheme da kaka, ku tsaya wajen 'yan awo. Tsohuwar da ta kawo 'yar masararta ba ta yarda a zuba ko ƙwaya ɗaya sai ta karɓi tiyar ta kifa ta, ta shafa gindinta, ta ga ko an buga. Ta san akwai kwanon saye, akwai kwanon sayarwa. Yaro ɗan shekara goma a ƙasar nan ya san wannan. Limamanmu kuma ba su gajiya da wa'azi a kan tauye mudu. To amma ita wannan tsohuwa, da ni, da kai, da mai digiri a cikinmu, da zarar an maƙala mana roba mai batir a yatsa ta haska lamba, shi ke nan, baki ya mutu. Ba mai kifa ta ya duba gindi. Alhali wancan kwano masara yake aunawa, wannan kuwa numfashin mutum.

Ba karatu ne ya sa ni wannan magana ba, kawuna ne. Manomi ne a wani ƙauye yamma da Funtua. Hunturun bara, bayan an gama bugun masara ya sha ƙura iya shansa, tari ya kama shi da zazzaɓi. A kwana na uku na je duba shi da yamma, na tarar yana magana yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Muka ɗauke shi a mashin zuwa kemis ɗin da ke bakin hanya. Mai kemis, mutumin kirki ne wallahi, ya ciro na'urar ya maƙala masa, ya juyo mana da fuskarta. Ya ce, "Baba, ai jininka lafiya lau, ga shi nan 95. Mura ce ta sauka a ƙirji. A sha wannan, zuwa safe za a ji dama." Na ce, "Malam, kana ganin kada mu wuce asibiti yanzu?" Ya ce, "Da magaribar nan? A wannan hanyar?" Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da yake nufi. Ba mai son shiga hanyar nan da dare da tsoho a bayan mashin in ba dole ba. Lambar nan ita ta ce mana ba dole ba ne. Na sayi irin na'urar guda ɗaya a wurinsa don in riƙa dubawa cikin dare, muka koma gida.

Kwana muka yi ba barci. Duk sa'ad da na maƙala, 94, 95, 93. Da asuba muka samu mota. A asibiti wata nas ta sa masa tasu mai doguwar waya, ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Tun yaushe yake haka kuka zauna da shi?" Tasu ta nuna 84. Nan take na ciro tawa na maƙala a ɗaya hannun, a daidai wannan minti. Ta nuna 93. Nimoniya ce. Kawu ya yi kwanaki da robar iska a hanci, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma noman ranin shekarar ya wuce shi. Maki tara ne tsakanin kwanon kemis da kwanon asibiti, kuma cikin makin nan tara muka kwana.

Tunda diflomata ta fannin lantarki ce, bari in buɗe muku cikinta, don sai ka san yadda ake ƙera kwano kake gane bugagge. Sunanta oksimita. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ya fito da dabararta a 1974. A leɓenta na sama akwai ƙananan ƙwayaye biyu masu haske. Ɗaya ja ne, mai tsawon zango nanomita 660. Ɗayan ido ba ya ganin haskensa, irin na rimot ɗin talabijin ne, wajen nanomita 940. A leɓen ƙasa kuma akwai ido, ɗan ƙaramin abu da bai kai ƙwayar alkama biyu ba, wanda masu sana'ar ke kira fotodayod. Aikinsa guda ne: haske ya faɗo masa, ya mayar da shi wutar lantarki. Jinin da ya ƙoshi da oksijin yana barin jan haske ya wuce, shi ya sa yake jawur. Wanda iskarsa ta yi ƙasa yana shanye jan, shi ya sa yake duhu. Idon nan yana kwatanta yawan jan da ya tsallako da yawan ɗayan, daga nan a fitar da lamba.

Da sauƙin faɗa. Wahalar ita ce yatsa ba jini ne zalla ba. Akwai fata, akwai farce, akwai ƙashi, akwai tsoka, duk suna cin haske. Abin da na'urar take nema shi ne ɗan canjin nan da ke faruwa duk bugun zuciya, lokacin da jijiya ta kumbura ta saki. Wannan canji a yawancin mutane kashi 1 ne zuwa 2 cikin 100 na hasken da ke isa idon, in hannu ya yi sanyi kuma ya gaza haka nesa. Ku ɗauka buhun masara ne mai tiya 40, ana ɗibar abin da bai kai tiya ɗaya ba ana mayarwa, aka ce ka faɗi nauyin abin da ake ɗiba ta hanyar auna buhun duka, sau biyu, da sikeli biyu. Wutar da idon ke fitarwa kuma ba a maganar amfiya, ana maganar kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya, wani lokaci cikin biliyan. Kowane ɗan datti a hanya yana iya rinjayar ta.

Yanzu ga inda maganar "ba ta san ɗan kowa ba" ta rushe. Na'urar ba ta lissafa oksijin kai tsaye. Abin da take samu wani adadi ne na rabawa, sai ta je ta duba wani jadawali da kamfani ya zuba mata a ƙwaƙwalwa: in adadin ya zama kaza, rubuta 97, in ya zama kaza, rubuta 85. Daga ina jadawalin ya fito? Daga jikin mutane. Ana tara masu lafiya a ɗakin gwaji, a riƙa rage musu oksijin a abin da suke shaƙa har jininsu ya sauka zuwa 70, ana ɗibar jini daga jijiyar hannu ana aunawa da babban inji, ana rubuta abin da idon ya gani a kowane mataki. Wato kowace oksimita tana ɗauke da yatsun waɗanda aka yi mata saiti da su. Ta san ɗan wani, ɗan uwa. Ta san shi sarai. Tambayar ita ce ko ɗan namu ne.

Ƙa'idar da hukumar FDA ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce mutum 10 sun isa gwajin, kuma a cikinsu a samu masu duhun fata aƙalla 2, ko kashi 15 cikin 100. Mutum biyu! Su ne wakilan Funtua da Malumfashi da Kafur da Afirka baki ɗaya. Baƙar fata tana shan jan haske fiye da yadda take shan ɗayan. A takarda, lissafin rabawa ya kamata ya share wannan bambanci. A aikace ba ya share shi duka, kuma ragowar tana tura lambar sama ne, musamman lokacin da iskar mutum ta yi ƙasa, wato daidai lokacin da ake buƙatar gaskiya. Ba sabon labari ba ne. Tun 1990 likitoci biyu, Jubran da Tobin, suka buga cewa 92 da ke wadatar da farin majinyaci ba ta wadatar da baƙi, shi sai an kai 95. Aka karanta aka ajiye. Sai a Disambar 2020, ana tsakiyar korona, Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Mishigan suka duba majinyatan da na'ura ta ce suna tsakanin 92 da 96, suka kwatanta da jinin da aka ɗiba. A cikin farare, kashi 3.6 ne ainihin iskarsu ta gaza 88. A cikin baƙaƙe, kashi 11.7. Ninki uku da ɗoriya. Da suka faɗaɗa zuwa asibitoci 178, suka samu 17 da 6.2. Wannan fa a asibitocin Amurka ne, da na'urori masu tsada masu lasisi. Sai a Janairun 2025 FDA ta fito da daftarin da ke neman a kai mutum 150 ana kuma auna launin fatarsu da ma'auni.

To in masu tsada haka suke, ina ga wadda na saya a bakin hanya? A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ƙarƙashin Michael Lipnick, sun gwada irin waɗannan masu arha guda 6. Biyu kacal suka cika ƙa'ida. Ita kanta ƙa'idar ta duniya ta yarda da kuskuren da ya kai maki 4 a matsakaicin lissafi, ta Amurka maki 3. Ma'ana ko mai lasisi ce ta nuna maka 92, yana iya zama 89, yana iya zama 95. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a kan 90 ta ja layin ba yaro mai nimoniya oksijin. Ku dubi yadda layin da kuskuren suke zaune a tabarma ɗaya. Sannan ku tuna UNICEF ta ce a 2018 yara 'yan ƙasa da shekara 5 har 162,000 nimoniya ta kashe a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Bayan an sallamo kawu na sa sukuddireba na ɓare tawa. Robar da ke kewaye da idon fara ce mai sheƙi, ba baƙa mai shanye haske ba, kuma in an maƙala gefe da gefe a buɗe suke. Duk hasken da ya zagaye yatsa ya isa idon ba tare da ya ratsa jini ba, ƙarya ce tsagwaronta ta shiga lissafi. A yatsan jariri, da ba ya cika bakin na manya, abin ya fi muni. Na mayar na haɗa, na cusa mata murfin biro ina ɗan jijjigawa, ta yi jim, ta ba ni 97 da bugun zuciya. Murfin biro! Na juya kwalin, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta da Turanci cewa ba kayan asibiti ba ce, ta 'yan wasanni ce da matuƙa jirgi. Sun wanke hannunsu tun daga masana'anta. Akwai kuma abin da ido ba zai gani ba. Jan ƙwan da aka ce 660 ne, a zahiri kowanne da ɗan bambancinsa, wani ya haura, wani ya gaza, kuma a daidai wannan zango ɗan gocewa kaɗan yana sauya sakamako sosai. Shi ya sa kamfanin Nellcor ya riƙa saka wani ɗan rezisto a cikin wayar kowane maƙali, wanda ke faɗa wa inji ainihin launin ƙwan da ke ciki don ya zaɓi jadawalin da ya dace. Wannan tantancewa kuɗi ce, kuma ita ce irin abin da mai neman arha yake fara yankewa, tunda mai saye ba zai taɓa gani ba.

Sai kuma namu na gida, wanda babu ɗakin gwajin da ya yi mana tanadinsa. Manomin da ya kwana a sanyin Disamba aka kawo shi da asuba a kan mashin, jinin yatsunsa ya janye, bugun da idon ke nema ya kusa ɓacewa. Ga kanta a tafin hannu, shekara talatin ana riƙe fartanya. Ga mata da baƙin lalle har kan farce, wanda ke tare haske fiye da jan lalle nesa ba kusa ba. Ga kemis da ake aunawa a bakin ƙofa, rana tsaka tana dukan idon har ya ƙoshi ya daina bambance komai. Waɗannan duk da sauƙi, ana iya dumama hannu, a sauya yatsa, a rufa da gefen riga. Akwai biyu da suka fi ba ni tsoro. Na farko hayaƙin janareto da na gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu. Gubar da ke cikinsa tana kama jini ta mayar da shi ja, kuma ido mai launi biyu ba ya bambance ta da oksijin. Mutum yana mutuwa na'ura tana nuna 99. Na biyu na masu shinkafa ne a fadama. Maganin ciyawa mai sinadarin furofanil, in ya shiga jiki da yawa, yana lalata jini ta yadda lambar za ta je ta tsaya kusa da 85 ta ƙi motsi, ko halin da ake ciki ya fi haka muni. Waɗannan biyun ko mai tsada ba ta tsira ba. Mai kemis nawa aka taɓa gaya wa?

Na san wasu sun fara gyara zama, za su ce ai makircin Turawa ne, da ma ba sa son mu. Ku dakata. Ba wanda ya zauna ya ƙulla mana komai. Sun ƙera kwano da hatsin da ke gabansu, suka auna da mutanen da ke kusa da su. Laifinsu shi ne an gaya musu tun 1990 suka yi ko oho. Namu laifin ya fi kusa, kuma da kaina zan fara.

A shekararmu ta ƙarshe a makaranta, cikin abin da ɗalibai suka fi so su haɗa a matsayin aikin kammalawa akwai wannan na'ura. Ni ma ita na yi. Ka sayi ɗan allon MAX30102, ka haɗa da Arduino, ka sauko da rubutaccen shiri daga intanet. A ciki akwai layi ɗaya da ke cewa a ninka adadin da 25 a cire daga 110. Daga ina 110 da 25 suka fito? Da wane ƙwai, da wane ido, a yatsan wa? Ban tambaya ba, ba a tambaye ni ba. Ranar kare aiki na maƙala wa kaina ta ce 98, na maƙala wa mai dubawa ta ce 97, aka tafa, aka ba ni maki. Duk mai lafiya ai tsakanin 95 da 99 yake. Da na rubuta shirin da zai riƙa jefo lamba tsakanin nan da ka, da makin da zan samu ke nan. Abin da muke kira gwaji shi ne fitila ta kama. Kalmar saiti kuwa sai a babi na biyu na rahoto, inda ake kwafo ma'anarta.

Abin haushin shi ne rabin gyaran ba ya cin kuɗi, sani yake ci. Fotodayod yana yoyon wuta ko a cikin duhu, kuma yoyon yana kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10 na zafi. Takardar kamfani a digiri 25 take ba ka adadi. Shagon kwano a Funtua cikin Afrilu yana iya haura 40 a ciki, ka ga yoyon ya kusa ninki uku. Maganinsa, kada ka ɗora wa idon wutar baya in daidaito kake nema ba sauri ba, sannan ka sa shirin ya riƙa kashe ƙwayayen biyu yana auna duhu da hasken ɗaki, ya cire daga kowane awo, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Amfilifayar da ke karɓar wutar idon ita ce zuciyar aikin, amma mu LM358 muke sakawa saboda ita ke cikin kowane shago, alhali wutar da take sha ta bakinta, gomman kashi cikin biliyan na amfiya, tana iya kai girman ɗan bugun da ake nema. Ana buƙatar mai bakin FET wadda kusan ba ta shan komai. Rezistan da ke zagayo da wuta ya zama babba, don in ka ninka shi huɗu saƙo ya ninka huɗu, hayaniyarsa biyu kawai, a haɗa masa ɗan ƙaramin kafasito don kada amfilifayar ta kama rawa. A gajarta wayar ido, a lulluɓe, a wanke dattin dalma daga allo, don ƙurar hunturu da laimar damina in suka haɗu da shi hanya suke buɗe wa wuta. Ga wani da littafin Turai ba zai gaya maka ba: matatar da aka yanka don ta tare gurnanin wutar gwamnati mai bugu 50 a daƙiƙa ba ta da amfani in janareto ne ke aiki, don shi bugunsa yawo yake da nauyin da aka ɗora masa. Sannan a koya wa na'ura kunya. In bugun da take gani ya yi rauni, ta rubuta cewa ba ta gani, kada ta ƙirƙiro 97 don ta faranta wa mai kallo.

Ɗaya rabin, wato jadawali, shi ne ba ya gyaruwa a teburin mai gyaran rediyo. Sai da jini. Kuma a nan ne nake jin takaicin masu cewa ba za mu iya ba. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun share shekaru a ƙasar Malumfashi, ƙauye ƙauye, suna auna tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji a jikin mutanenmu, kuma har yau ana ambaton sunan Malumfashi a mujallun likitanci saboda wannan aiki. Ba intanet, ba kwamfuta a aljihu. Yau ga asibitin koyarwa na Shika a kan hanyarmu ta Zariya, ga makarantar ungozoma a Malumfashi, ga kwalejojin kiwon lafiya a Funtua, ga Hassan Usman a Katsina da Nuhu Bamalli a Zariya suna yaye masu diflomar lantarki duk shekara. Ba sai an shaƙe kowa ba. Duk majinyacin da likita ya riga ya ce a ɗebi jinin jijiyarsa a auna iska, da izininsa a maƙala masa irin na'urorin da ke yawo a kasuwanninmu a daidai lokacin, a rubuta lambobin gefe da gefe. A shekara guda za a san wace ce tiya, wace ce bugaggen kwano, a buga sunayensu da Hausa a manna a kowane kemis. Wannan ya fi aikin kammalawa ɗari na fitila ta kama.

Wani zai ce, to Malam, a zubar da su ke nan? A'a. Kada wanda ya ce na ce. Oksimita ta gari tana ceton rai, musamman a wurinmu, inda shuɗin leɓe da littafi ke cewa a duba ba ya fitowa a baƙar fata sai abu ya yi nisa. Ƙungiyar Lifebox ta yi shekaru tana raba masu inganci a asibitocin ƙasashe irin namu saboda haka. Waɗancan masu bincike na San Faransisko kuma suna da shiri mai suna Open Oximetry, inda suke gwada na'urori ɗaya bayan ɗaya suna saka sakamakon kyauta. Mai kemis ɗin da ke da kuɗin data na kallon ƙwallo yana da na duba sunan abin da yake sayarwa. Doka ta ɗora wa NAFDAC rajistar kayan aikin asibiti kamar yadda ta ɗora mata ta magani. Mai sayen farasitamol ya iya juya kwali ya nemi lamba. Wa ya taɓa juya kwalin oksimita?

Wani kuma zai ce kai ba likita ba ne. Gaskiya ne, kuma ban ce a sha komai ba. Amma likitocin ne da kansu suka ce a duba mara lafiya kafin a duba allo. Yaron da ke tsakanin wata 2 da 11 in yana numfashi 50 ko fiye a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, wannan agogo da ido kawai yake buƙata, kuma 96 a kan roba ba ta soke shi. A daren nan kawu ba ya iya haɗa kalma huɗu ba tare da ya huta ba. Na gani da idona, na ji da kunnena. Na bar lamba ta ƙaryata su, ni da na san yadda ake dafa lambar. Wannan ne abin da har yau yake hana ni sakewa in na tuna, ba mai kemis ba. Shi an sayar masa ne kamar yadda ya sayar mini.

Saboda haka, ɗan uwa mai hoton ranar Talata, 98 ɗinka ba ta tabbatar da komai ba sai cewa kana da lafiya, Allah ya ƙara. Murfin birona ma ya samu 97. Ka ɗauko kwalin da ta zo a ciki, ka juya bayansa, ka ɗauki hoton ƙananan rubutun nan da ke can ƙasa, ka ɗora mana a nan ƙarƙashin wannan rubutu. Masu kemis da ke zauren nan, ku ma haka, da sunan kamfani da lambar rajista in akwai. Ni zan fara da tawa yau da daddare, a ɓare, da hanjinta a waje.